Rufin Gidan Yefim

Taisiya tana tsakar goge ragar mashaƙar iska lokacin da sukurun ya suɓuce mata, karo na uku ke nan. Ya tashi yana juyi a hankali, ya wuce kunnenta. Kwamandan tashar tasu ta sararin samaniya, Arseny Lukich, ya cafke shi da yatsu biyu ba tare da ya saki ledar shayinsa ba.

"Taisiya Yefimovna, in kika ci gaba a haka, kafin azahar za ki kwance mana tashar gaba ɗaya."

"Saura minti nawa mu bi ta saman ƙauyenmu?"

"Arba'in. Ɗazu da kika tambaya arba'in da biyu ne."

Watanta biyar a sama. Ta saba da barci a cikin buhu maƙale da bango, ta saba da wanke kai ba kumfa, har fitowar rana sau goma sha shida a yini ta daina ɗaga mata kai. Amma tun jiya da ƙanƙara ta narke, kogin Ural ya ɓalle ya shiga ƙauyensu, ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Wayar mahaifinta Yefim ba ta shiga. Tsoho ne mai shekara saba'in da takwas, shi kaɗai a gidan da ya gina da hannunsa, kuma ta san halinsa: ko soja aka turo ba zai bar awakinsa ba.

Ta kira ƙasa. Rimma, mai kula da sadarwarsu a ranar, ta ce masu ceto sun shiga da kwale-kwale amma ba a fitar da sunaye ba tukuna.

"Tasya, ki je ki yi gudunki. Likita yana kallon jadawali."

Ta ɗaure kanta a kan injin gudu, ta yi minti tara, ta kwance igiyoyin. Ta ɗumama miyar kabeji, ta manna ledar a bango ta manta da ita. Ta ɗauko kyamara, ta ɗaura mata dogon gilashin hango nesa da ya kai hannunta tsawo, ta duba batir, ta sake dubawa. Yau sau ɗaya tak za su bi ta saman ƙauyen da rana, kuma abin da za ta samu bai wuce daƙiƙa talatin ba.

Arseny ya biyo ta har tagar da ke kallon ƙasa, ya saƙala ƙafarsa a maƙali, ya riƙe ta ta ɗamara don kada ta yi yawo.

"Kada ki nemi ƙauyen. Ki nemi gwiwar kogin, sauran zai zo da kansa."

"Ni za ka koya wa kogin da na yi wanka a ciki?"

"Kin yi wanka a ciki, amma ba daga kilomita ɗari huɗu ba."

Gonaki suka shigo taga, launin toka da fari. Sai ruwa. Ta nemi gwiwar kogin ta rasa, domin babu sauran gwiwa, ruwan ya baje kamar an kifar da shayi a kan tebur. Ta ga layin dogo, ta bi shi da ido har gadar, daga gadar ta yi hagu, ta danna maɓallin kyamarar. Ta yi ta dannawa, numfashinta a riƙe, har ƙasar ta zame ta wuce, wata ƙasar ta maye gurbinta.

Hoto ɗari da sha ɗaya. Ta buɗe su a kwamfuta tana ja tana faɗaɗawa. A na sittin da uku ta ga hasumiyar coci, ta ga makaranta a kan tudu da motoci kewaye da ita. Ta ƙirga layuka daga cocin. Layinsu shi ne na ƙarshe, na bakin ruwa. Rufin maƙwabta na nan, rabi a nutse. Inda koren rufinsu ya kamata ya kasance, ruwa ne kawai, a shimfiɗe, mai launin ƙasa.

Arseny ya duba. Ya tura hotunan ƙasa domin masu ceto, ya je ya ƙarasa mata aikin ragar.

Bayan awa biyu muryar Rimma ta shigo.

"Tasya, akwai wani dattijo a makaranta da ya hana kowa sakat. Ya ce sai an haɗa shi da sama. Ga shi."

Layin ya yi ƙara, sannan tari, tarin da ta sani tun tana yarinya.

"Tasya? Kina ji na? Sun ɗauko ni kamar buhun dankali. Awaki biyu kawai suka yarda na shigo da su, wai jirgin ya cika."

"Baba, lafiyarka ƙalau? Ka ci abinci?"

"Sun ba mu wani abu wai shi fate. Bar wannan. Ke da kike can sama, an ce kina ɗaukar hoto. Kin ga gidan?"

Hoton yana gabanta, ya cika fuskar kwamfutar. Ta kai hannu ta riƙe maƙalin bango.

"Mun yi nisa, Baba. Daga nan ba a ganin gidaje."

Tana jin hayaniyar mutane a bayansa, da kukan akuya.

"Uwarki ma ba ta iya ƙarya ba," ya ce. Ya sake yin tari. "To, ki adana hoton. In kin sauko ki nuna mini iyakar inda ruwan ya tsaya, don in san inda zan kafa sabon."