Kaset ɗin Rawar Asabar

"Ba nan ake sa wayar ba, Sista Odessa. Ja da ja, fari da fari."

"To taso ka sa da kanka."

Mista Clement ba zai iya tasowa ba, ita ma ta sani. Wata uku ke nan yana kwance a falo, robar iska a hanci. Odessa na durƙushe bayan talabijin, gwiwoyinta na zogi, ƙura na shiga mata ido. Shekararta sittin da takwas, talatin daga ciki a tsaye ta yi su a kicin ɗin makarantar firamare, ga shi yanzu hutun ma maƙwabci ya cinye. Sai da ta hau bas biyu ta ratsa garin Toledo cikin zafin Agusta kafin ta samo tsohon injin bidiyon nan a shagon kayan gwanjo, don yanzu ba mai sayar da irinsa.

Duk saboda kaset ɗaya ne. A zamanin samartaka Clement ne makaɗin ganga a shirin rawa na ranar Asabar da tashar garin ke nunawa, lokacin da hoto ba shi da launi. A nan ya fara ganin Vernell, cikin 'yan matan da ke zuwa rawa, ya aure ta. Bayan shekara ashirin tashar ta maimaita shiri ɗaya don tuna baya, ya naɗa a kaset. Yau shekara tara da rasuwar Vernell, kuma tun da likita ya ce a mai da shi gida, ba shi da zance sai na kaset ɗin.

Odessa ta dafa kujera ta miƙe da ƙyar, ta tura kaset. Allon ya yi shuu, ya yi rawa, sannan hoto ya fito: ƙarti biyu tsirara daga ƙugu zuwa sama, suna kai wa juna naushi, jama'a na ihu.

"Wannan ce Vernell ɗin? Lallai ta yi ƙiba."

Bai yi dariya ba. "Tura gaba."

Ta tura. Dambe. Ta sake turawa. Tallan mota, tallan giya, dambe kuma.

"Ko ba shi ba ne, tsoho? Akwai wasu a kwalin."

"Shi ne." Ya daɗe yana jan numfashi. "Ni na yi. Ranar babban damben nan, abokai sun cika gidan, ba ni da sabon kaset. Na ce a ɗora a kan wannan." Ya juya kai wajen ƙofar kicin. "Tana can tana soya mana kaza, ina jin waƙarta. Me zan yi da hotonta a lokacin?"

Odessa ta zauna a bakin gadon. Suka bar damben yana tafiya, don ba wanda ke da ƙarfin kashewa. A turmi na tara aka kai ɗaya ƙasa.

"Kin ga 'yan dambe na da," in ji shi a hankali. "Na yanzu sai surutu."

Aka tashi daga dambe, aka yi talla, allon ya sake yin shuu. Odessa ta miƙa hannu za ta kashe ke nan sai kiɗa ya ɓarke. Hoto fari da baƙi, samari da ƙananan kwat, 'yan mata da gashi a tayar kamar tulu, suna juyi. Ƙarshen shirin ne ya tsira, sunaye har sun fara hawa a kan fuskokin mutane.

"Ga ta! Hagu, mai farin takalmi!"

Odessa ta matso da tabarau. Yarinya ce siririya, ta ba da baya, tana kaɗa kafaɗa. Ta fara juyowa, rabin kumatunta ya bayyana, sai kaset ya ƙare.

"Mayar."

Ta mayar. Sau shida tana mayarwa, ko sau ɗaya yarinyar ba ta gama juyowa ba. Yatsunsa biyu na bugun bargo, daidai da kiɗan, ba kuskure.

"Kai kuma ina kake a ciki?"

"Wa ke nuna makaɗi? Amma duk ƙafar da kika ga ta ɗaga, ni na ɗaga ta."

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, tana ba shi kunun alkama a cokali, ya kau da kai ya ce ya ƙoshi. Ta kai kwanon kicin, ta wanke, ta goge hannu. Da ta dawo, injin iskar ne kaɗai ke numfashi a ɗakin. Ta rufe masa ido, ta kira nas, sannan ta kira 'yarsa Rhonda a Atlanta.

Rhonda ta iso washegari da jaka mai taya, idonta a kumbure. Ta tsaya a tsakar falo tana dube-dube.

"Anti Odessa, ya bar wata magana?"

"Ya ce ya ƙoshi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, 'yata. Ya ga mahaifiyarki kafin ya tafi. Idan kin huta zan nuna miki."

Da azahar ma'aikata biyu suka zo suka kwance gadon asibitin, suka fita da shi gunduwa-gunduwa. Odessa ta fito ta zauna a matakalar ƙofar gidan, ta cire takalmi, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta a kan siminti mai ɗumi. Tsallaken titi wata mata na ba wa ciyawar ƙofar gidanta ruwa, ruwan na gangarowa a hankali yana bin gefen kwalta.