Maɓallin da Anti Ta Ƙi Dannawa

A ofishin nan na saman bene, inda ake gina shafukan intanet, akwai dokar da Oga da kansa ya kafa tun ranar da ya buɗe wurin. Ba a sakin aiki ga jama'a sai wani ya duba abin da ɗan'uwansa ya rubuta, ya danna maɓallin amincewa, sunansa ya hau kan aikin. Duk abin da ya shafi kamannin shafi kuwa, wato fayil ɗin da ke gaya wa rubutu girman da zai yi, ya nuna wa hoto inda zai tsaya, Anti ce ke dubawa. Ta daɗe a kan kujerar. Ba ta da yawan fara'a, kuma ba ta taɓa roƙon kowa ya so ta ba.

Aikin da ke gabansu a makon shafin wani asibitin ido ne, inda marasa lafiya ke shiga su zaɓi ranar ganin likita.

Da safe Dogo, abokin aikinta, ya shigo yana washe baki, waya a hannu, ko jakarsa bai sauke ba.

"Anti, kin ga labari? Sabuwar hanyar jera shafi da muke ta jira, yanzu duk manyan burauzoji sun karɓe ta. Wahala ta ƙare!"

Burauza ita ce manhajar da mutum ke buɗe shafi da ita, kuma kowace da irin abin da take ganewa. Anti ba ta ɗago daga kwamfutarta ba.

"Sababbi ne suka karɓa," in ji ta. "Waɗanda ke cikin aljihun mutane ba su ji wannan labarin ba."

"Haba Anti, ke ko sabon cokali aka kawo sai kin tambayi ina tsohon."

"Tsohon ai bai taɓa yankar min leɓe ba. Zauna ka yi aiki."

Kafin a tashi, Dogo ya turo mata aikinsa ta duba. Ta buɗe, ta bi shi layi-layi kamar mai tsince tsakuwa. Ya share duk tsofaffin umarnin da ke riƙe shafin a tsofaffin wayoyi, ya zuba sababbi. Aikin ya yi kyau, ba ta musa ba. Amma a can ƙarshe ta ga ya ƙara wani jan allo da zai rufe fuskar shafin ga duk wanda burauzarsa ba ta gane sabuwar hanyar ba, an rubuta a kai: Burauzarka ta tsufa, nemi sabuwar waya.

Ta juyo da kujerarta. "Wannan fa?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Oga ne ya ce a sa."

Ba ta danna komai ba. Ta ɗauki jakarta ta tafi gida.

Ta tarar da Baba, mahaifinta, a ƙofar ɗakinsa yana shan iska. Tsohon tela ne, allura da zare sun cinye masa ido, kuma a wannan asibitin ake duba shi. Wayarsa irin mai maɓallai ce, lambobin jikinta duk sun goge, amma yatsunsa sun haddace su. An sha kawo masa mai santsin fuska, sai ya shafa ya mayar, ya ce shi ba ya magana da madubi.

"Baba, ara min wayarka."

"Ke da ke yawo da uku a jaka? To, ungo, Uwata. Kada ki taɓa min rediyo."

Ta shigar da adireshin gwajin shafin. Wayar ta yi ta nishi, can sai ga jan allon ya cika 'yar fuskarta. Babu sunan likita, babu ranaku, babu inda za a danna.

"Kin yi shiru. Me ya ce?"

Ta karanta masa. Baba ya yi dariya har da tari.

"Waya ta tsufa? To mai wayar fa? Shi ma a nemo sabo? Wane marar kunya ne ya rubuta wannan?"

"Ofishinmu ne, Baba."

Dariyar ta tsaya. Ya miƙo hannu yana laluben wayarsa, ta sa masa a tafi. Ya kunna rediyon cikinta. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Washegari tana zama Oga ya leƙo daga ɗakinsa mai bangon gilashi, ya yafito ta. Mutum ne mai ƙoƙari, ba azzalumi ba, sai dai irin mutanen nan ne da sauri ya zame musu ciwo.

"Anti, asibiti na jiranmu yau. Na ga ba ki amince da aikin Dogo ba. Akwai kuskure ne?"

"Babu kuskure. Akwai rashin mutunci."

Ya ɗaure fuska. "Zauna mana."

"A tsaye ma ina ji."

"To ji. Tsofaffin umarnin nan sun zame mana kaya. Duk gyaran da za a yi sai an yi shi sau biyu, a gwada nan, a gwada can. Mutanena sun gaji. Duniya ta wuce wurin."

"Gaskiyarka, wahala ce. Ni na fi kowa saninta, don ni ke yin ta. Amma burauza ba ta faɗa da kowa, Oga. In ta ga umarnin da ba ta sani ba, tsallake shi take yi ta riƙe wanda ta gane. Mu rubuta tsoho a sama, sabo a ƙasa, mai sabuwar waya ya ga ado, mai tsohuwa ya ga ranar ganin likita."

"Kada ki koya min aikina, na san wannan. Lokaci ne babu. Kuma mutum nawa ne ma ke riƙe da irin wayoyin nan?"

"Ban ƙirga ba. Na dai san ɗaya, a gidanmu yake."

"Sai ki saya masa sabuwa."

"Sauran tsofaffin da ke layin asibitin kuma kai za ka saya musu? Shafin masu ciwon ido ne fa, ba na masu tallan turare ba."

Masu buga rubutu a waje sun daina, kowa ya ƙura wa allonsa ido, kunne kuwa yana ɗakin Oga. Dogo ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Oga ya sassauta murya. "Anti, kujerar dubawar nan ni na ba ki. In kika mayar da ita wurin tare hanya, zan karɓe abata. Ki je ki danna."

Ba a rana ɗaya ta kai ga kujerar nan ba. Ta tuna lokacin da take zama kusa da ƙofa, ana aika mata ayyukan da kowa ya ƙi. Amma ta haɗiye abin, ta nuna kwamfutar da ke gabansa.

"Kai ma kana da maɓallin nan, ranka ya daɗe. Ga shi ƙarƙashin yatsanka. Danna, sunanka ya hau kai. Ranar da wani tsoho ya zo ƙofar asibiti aka ce ba ranarsa ba ce, a san wanda ya ce masa ya nemi sabuwar waya. Ni dai nawa sunan ba zai hau ba."

Oga ya dubi allon. Hannunsa na kan tebur, bai motsa ba. Mutane da yawa na son a yi abu, amma ba sa son a ce su suka yi. Ya ja dogon numfashi, ya jingina da kujera.

"Ki cire jan allon, ki mayar da tsofaffin umarninki. Kafin a tashi nake son aikin, ko da ba za ki ci abinci ba. Amma wannan ne na ƙarshe da za ki duba a ofishin nan. Daga gobe Dogo ne mai dubawa. Ke ki koma gyaran tsofaffin shafuka, tunda da su kike shiri."

"Na ji."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Me ya rage? Ka yanke, na ji."

Ta fito, idonta a bushe, kanta a sama. Masu leƙe duk suka koma bugun rubutu da ƙarfi kamar ana korarsu. A teburinta ta iske Dogo ya ɗosana a hannun kujerarta, fuskarsa duk ta yamutse.

"Anti, wallahi ban nema ba. Ni ban ma san yadda kike gane ɓarna ba tun kafin a gwada. In kin ƙi, sai in je in ce masa..."

"Ba za ka ce masa komai ba. Ka karɓa, ka buɗe ido, kuma kada ka sa sunanka a kan abin da za ka ji kunyar karanta wa mahaifinka."

Ya gyaɗa kai, amma bai motsa ba.

"Dogo."

"Na'am, Anti."

"Gobe aka ce, ba yau ba. Tashi min daga kujera."

Ya miƙe da sauri har yana tuntuɓe da kwandon shara. Ta zauna, ta gyara gilashinta, ta buɗe fayil ɗin, ta fara da goge jan allon.