Ƙahon da Na Yi wa Yaya Jatau

Daren jiya na yi wani mafarki, ni da ba mutumin mafarki ba. Wanzami ne ni, sunana Mati, in na kwanta na kwanta ke nan. Amma sai na fara faɗin abin da ya faru ido biyu, in ba haka ba ba za a gane ba.

Yayana Jatau yana da ciwon zuciya. Asibiti suka ɗora shi kan maganin tsinka jini, ƙwaya ɗaya kullum, wai don kada jinin ya daskare ya toshe hanya ɓarin jiki ya shanye. Sati biyu da suka wuce ya yi kukan ciwon baya, na kafa masa ƙaho shida. A tunanina aikin ɗaya ne: maganin yana koro mugun jini, ni ina fitar da shi. Jini ya ƙi tsayawa. Zannuwan matarsa Indo biyu suka jiƙe kafin mu kai asibiti. Da likita ta tambayi wanda ya yi aikin, Yaya ya ce wani baƙo ne a kasuwa. Ina tsaye a wurin, ban ce uffan ba. Bayan kwana biyar ta sallame mu, ta ce a ci gaba da shan magani. Muna isa gida na ɗauke kwalbar maganin na ɓoye, na ce masa tafarnuwa da zuma sun isa. Yau kwana tara bai sha ba.

A mafarkin rana ce tsaka. Muna tafiya a wani gari da ruwan sama ke fitowa daga ƙasa yana hawa sama, mutane suna riƙe da lema a kife suna kare ƙafafunsu. Yaya yana gaba, ba riga. Tsagar nan shida suna ɗiga, ɗigon yana bin ruwan yana hawa.

Na ce, "Yaya, kana zuba."

Ya ce, "Na sani. Ɗaga ƙafa kafin in ƙare. Kullum kai ne a baya, tun muna kiwo."

Sai ga mu a kasuwa. Mata sun jera ƙwarya suna sayar da jini kamar nono. Wata tsohuwa ta ɗaga faifai ta nuna mini.

"Mai kauri ko mai ruwa?"

"Wanne ne ba ya kisa?"

"Mai kauri yana kisa a zaune, mai ruwa yana kisa a kwance."

"To ba ni na tsakiya."

"Wannan ba a kasuwa ake samunsa ba, ɗan nan. Sai an auna mutum. Ka je ofis."

Ofishin a cikin rijiya yake, amma hawa ake yi. A bakin tebur wani bunsuru ne da tabarau da biro a kunne. Na miƙa masa katin asibitin Yaya. Ya cinye shi, ya lumshe ido yana tuƙa.

Ya ce, "Na karanta. Me kuke so?"

"Wani magani. Wanda ba ya zubar da mutum."

"Akwai wasu iri. Akwai kuma ragewa, akwai canzawa. Suna bayan waccan ƙofar."

"To buɗe mana."

"Ba ni da makulli. Tana buɗewa ne in wanda ya yi abin ya faɗi abin da ya yi. Na baya ya matso."

Na waiga, ba kowa a baya sai wata kaza riƙe da hoton ƙirjinta.

A kan hanyar ƙofar na tarar da mahaifinmu, wanda ya rasu shekara ashirin da suka wuce. Yana zaune kan turmi yana wa wata kabewa aski, a hankali, kamar yadda ya saba. Bai ɗago ba.

"Mati, me na ce ka riƙa yi kafin ka tsaga mutum?"

"In tambaye shi abin da yake ci da abin da yake sha, Baba."

"Ka tambaya?"

"Na san abin da yake sha. Yayana ne."

"Ka tambayi masu maganin?"

Ya goge askar a gwiwarsa, ya ce wa kabewar ta juyo ɗaya gefen.

Ƙofar ƙarama ce, kore, wata akuya mai farar hula tana gadinta. Kafin mu isa Yaya ya zauna a ƙasa. Ɗigon ya tsaya. Na ji daɗi, na ce ka gani, tafarnuwa ta yi aiki. Sai na lura gefensa na hagu ya zama busasshiyar laka, irin ta tsohuwar katanga, har da tsaga. Hannun ya manne da cinya. Bakin ya karkace. Na zaro aska na ɗan tsaga kafaɗar don jini ya motsa, garin ƙasa ya zubo.

Akuyar ta ce, "Wa ya yi masa ƙaho? Wa ya hana shi magani?"

Na buɗe baki, auduga ta fito. Na jawo ta, wata ta biyo. Na yi ta ja har ta taru a gabana kamar buhu guda.

Yaya ya ce da rabin bakinsa, "Baƙo ne, ranki ya daɗe. A kasuwa."

Ƙofar ta ragu.

"Baƙo ne," ya sake cewa. Ta sake raguwa, ta koma kamar bakin tanda.

Na riƙe shi na ce da ido ya daina. Ya dube ni da idon da ya rage masa. Ba fushi a ciki, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ya ce, "Ba komai, ƙanena. In aka ji, wa zai sake kawo maka kansa? Kana da 'ya'ya bakwai. Ni dai ka sosa mini bayan nan, hannun ya ƙi."

Na sosa. Bayan yana marmashewa a yatsuna. Na tattara ƙarfina na ce ni ne, ni na tsaga shi, ni na ɓoye. Maganar ta fito, amma ruwan nan ya ɗauke ta ya yi sama da ita. Akuyar ta ɗaga kai tana kallonta tana tafiya. Ta ce in jira ta sauko, wataƙila baɗi.

Murfin tukunya ne ya tashe ni. Ya kuɓuce wa Indo wajen wanke-wanke, yana ta juyi a kan siminti. Gari ya waye. Ban tsaya neman takalmi ba na nufi ɗakin Yaya.

Yana zaune kan tabarma yana shan koko.

"Lafiya, Mati? Ko sallama babu?"

"Sa riga. Asibiti za mu, ni zan yi magana."

"Bari in shanye mana."

Na tsaya a bakin ƙofa ina jira. Da hagu ya riƙe kofin, hannun yana ɗan rawa. Ban sani ba ko yau ya fara, ko dama can haka yake. Shekara hamsin muna gida ɗaya, ban taɓa duba hannunsa ba.