Wa Ta Fara Shiga Awo?

Ni Rafia, shekarata goma sha tara ina ɗinki a unguwar Ashanti New Town, ban taɓa ɓata wa kowa yadi ba. Sai da maigidana Shakiru ya sayi kwamfuta.

Shi kayan mota yake sayarwa a Suame Magazine. Tun da ya koyi jera kayansa a tebur ɗin Excel, komai ya gani sai ya ce a jera shi. Ni kuwa ƙungiyarmu ta mata ta ba ni ɗinkin yayi, wato anko, na walimar saukar Salwa, 'yar malaminmu. Mata ashirin da biyu, yadin kuma iya shi ke nan, na zagaye kasuwar Kejetia ban sami irinsa ba.

Shakiru ya kwashe awon daga takardata, suna a layi ɗaya, ƙugu da tsawo da hannu a gefe. Ya yi kyau, ban ƙi gaskiya ba. Har na hura gawayi da takardar.

Saura kwana shida, na ɗauki almakashi na duba tebur. Wai Hajiya Lariya, wadda ke cika kujera ɗaya da rabi a motar haya ta trotro, ƙugunta inci ashirin da shida! Tayyiba kuma, siririya kamar tsinken tsire, arba'in da takwas.

"Baban Amidu, me ka taɓa a nan?"

"Ba komai fa. Na jera sunayen ne daga A zuwa Z, ya yi fain paa, kyau sosai."

"Awon fa?"

Ya sosa ƙeya. Ashe layin sunaye kaɗai ya zaɓa. Kwamfutar ma ta tambaye shi ko a haɗa da sauran layukan, gwanin bai karanta ba ya danna. Sunaye suka yi ƙaura, awo ya zauna inda yake. Ya danna maɓallin komawa baya har ya gaji, a banza, don ya riga ya adana ya rufe tun shekaranjiya.

Na ji kamar in yi kuka. Rabin matan sun yi tafiya, wasu Accra, wasu Tamale, wata ma har Yamai, sai jajibirin walima za su dawo. Ni kuma ba na yanka yadi da awon da ba hannuna ya yi ba.

Ina zaune na zuba wa lambobin ido, sai na gane na farko. Awon Maa Abibatu ne, dattijuwarmu. Na biyu na Maa Hadija. Abin ya faɗo mini: a ƙungiyarmu ƙarama ba ta shiga awo kafin babba. Lambobin suna nan a jere bisa girma, sunaye kawai za a mayar.

Ina faɗa Shakiru yana rubutawa, muka gama ashirin kafin azahar. Sai layi na uku da na huɗu suka tsaya mana. Hajiya Lariya da Hajiya Azaratu jikinsu kusan ɗaya, bambancin inci uku ne a tsawo da hannu. Shekara talatin kowacce na rantsuwa ɗayar ce babba. Ranar awo ma turereniya suka yi ta yi a ƙofa, "shiga, ke ce yaya," ni ina fama da tef ban lura wadda ta shigo ba.

Na aika murya a zaurenmu na waya, na tambayi wa ta fara shiga awo tsakanin su biyun, na ce duk wadda ta ɓoye gaskiya, ita za ta sa riga ɗangalalliya a gaban dukan Zongo.

Azaratu ta amsa nan take daga Accra. "Ni dai ban sani ba o. Ku tambayi yayata."

Can bayan la'asar sai ga muryar Lariya daga Yamai, ƙasa-ƙasa.

"Rafia, ni na fara shiga. Wata takwas ne kawai tsakaninmu, kar wani ya dame ni."

Wayyo, zauren nan ya kama da guɗa! Azaratu ta aiko murya minti biyu cur, dariya ce zalla. Ni ma na yi dariya har da hawaye, na ɗauki almakashina da bismillah.

Kafin in yanka, na sa Shakiru ya ƙara layin lamba daga ɗaya zuwa ashirin da biyu a gefen sunayen, ya kuma nuna mini yadda ake zaɓar teburin gaba ɗaya kafin a jera. Yanzu ni nake riƙe da abina.

Ranar walima kowace riga ta zauna daram. Lariya ta shigo tana taku ɗai-ɗai, hannun rigarta ya sauka daidai wuyan hannu. Azaratu ta ratsa taro, ta durƙusa har ƙasa a gabanta.

"Sannu da hanya, Yaya."

Lariya ta harare ta, dariya na neman ƙwace mata. Ta miƙa mata jakarta.

"Tun da kin sani, riƙe mini. Ki kawo mini ruwa kuma, mai sanyi."