Layi Na Biyar A Jadawalin Taki

Shekara biyu wata ma'aikaciya da ake kira Mai Awo ta yi tana shiga garken aladu sau uku a mako. Aikinta a cibiyar binciken noma shi ne ta ɗebo ruwan kashinsu daga rami, wanda aka zuba wa asid don ya riƙe ƙarfinsa da wanda ba a zuba wa ba, ta auna yawan naitirojin da ya tsere sama. Naitirojin ɗin nan shi ne ƙarfin taki, in ya gudu manomi ya kwashi wari a banza. Ƙasashe biyar ke wannan awo don a kwatanta, haɗin asid ɗin kuwa na Dokta ne, shugabanta, wanda ke ji da shi kamar ɗan fari.

A ƙasashe huɗun masu sanyi haɗin ya yi aiki, asarar ba ta wuce goma cikin ɗari ba. A wurin Mai Awo, inda rana ke dafa ramin, arba'in ta samu. Ta sake, ta kuma sakewa, arba'in ɗin na nan daram.

"Duba lissafinki da kyau," in ji Dokta. "Layi huɗu na sauran ƙasashen sun jeru a jadawali, naki ne kawai ya fita zakka."

"Ranka ya daɗe, abin da kwalba ta ba ni na rubuta."

Ya yi murmushi, ya ce ba komai. Dokta bai iya faɗa ba, shi ya sa ake tsoronsa.

Tana da rauni ɗaya, shi kuma ya san shi. Mijinta direban cibiyar ne, mutum mai ƙyanƙyamin tsiya, ko ƙofar garken ba ya bi da mota. Tun farko ta ce masa ita a ofis take zama, leburori ke kawo mata lambobi. Kullum sai ta yi wanka a bayin ma'aikata, ta murje farce da buroshi, sannan ta shiga motarsa. Shi kuwa ya bi gari yana baza wannan labari da alfahari.

Ranar da baƙi daga sauran ƙasashen suka zo, aka haska jadawalin a bango. Wata farfesa mai furfura ta nuna layi na biyar, ta tambayi dalili. Mai Awo ta buɗe littafinta za ta yi bayanin zafin ramin, sai Dokta ya ɗaga hannu.

"Abin da kunya, amma gara na faɗa. Ina zargin ba a taɓa ɗebo samfurin nan ba. A tebur aka ƙirƙiri lambobin." Ya leƙa waje. "Direba, shigo mana. Matarka tana shiga garke?"

Mijin ya shigo yana gyara hula, ya tsaya bayan kujerarta, ya dafa kafaɗarta.

"Wa? Ita? Allah ya kiyaye, yallaɓai. Ko hanyar ba ta sani ba. Ni shaida ne."

Ta tuna ranar da ta zame cikin ramin har gwiwa, da hancinta da tuni ya daina jin ƙamshin komai. Ta ga in ta yi shiru ta zama ɓarauniyar aikin kanta.

"Ƙarya na yi masa," ta ce. "Da hannuna na ɗebo kowace kwalba. Sau ɗari uku na shiga, ranakun duk suna cikin littafin nan."

Dokta ya girgiza kai kamar mai tausayi. "Kun dai ji. Da bakinta ta ce tana ƙarya. Wacce za mu ɗauka, ta gida ko ta ofis?"

Farfesar ta rufe alƙalaminta. Aka amince a cire layi na biyar, a rubuta cewa haɗin ya yi nasara a duk inda aka gwada shi, ita kuma ta ajiye makullin ɗakin awo kafin a tashi. Ba wanda ya taɓa littafin nata.

A duk ɗakin mutum ɗaya ne ya yarda da maganarta. Ta ji mijin ya janye hannunsa daga kafaɗarta a hankali, ya goge shi a jikin wando, ya tambayi masinja inda famfo yake.