Ɗakin da Aka Ware wa Debby

Martha ta tashi ita kaɗai mace a cikin maza biyar a wani ƙauye kusa da Zonkwa, kuma har ta girma ba ta manta yadda yayyenta suke fita su bar ta da tulin kwanuka ba. Shi ya sa da Allah ya ba ta 'ya'ya uku, ta yi wa kanta alkawari babu wanda zai ji an ware shi a gidanta. Clinton ne babba, sai Debby, sai Emma auta. Ita ma'aikaciyar jinya ce, mijinta Jethro kuma direba a wata ma'aikatar gwamnati. Suna zaune a Barnawa, a gida mai ɗaki biyu da falo.

Yaran uku ɗaki ɗaya suka taso. Tare suke ƙwallo a bayan gida, Debby ce mai tsaron raga, tare ake yi musu faɗa in sun fasa gilashin maƙwabta. Martha takan ji dariyarsu daga kicin ta gode wa Allah.

Debby tana da shekara goma sha biyu ta fara al'ada. A makon Martha ta ce wa mijinta, "Baban Clinton, yarinyar nan ta girma. Bai kamata ta ci gaba da kwana da maza ba."

Suka kwashe buhuna da tsofaffin tukwane daga sito, aka yi masa fenti, aka sa ƙaramin gado da labule mai furanni. Martha ta ɗauka kyauta ta yi wa 'yarta. Debby ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo.

"Mama, laifin me na yi?"

"Wane laifi kuma? Ɗakinki ne, ke kaɗai. Ni da shekarunki ko tabarma tawa ban da ita."

Clinton, wanda ya ba ta shekara biyu, ya leƙo ya ce, "Ni ne babba, amma ita aka ba ɗaki." Martha ta yi masa bayani iya abin da za a iya faɗa wa yaro namiji. Washegari Debby ta je ɗauko littafinta a tsohon ɗakinsu, Clinton ya tare ƙofa ya ce kowa ya tsaya a nasa.

Martha ta ga abin, ta shiga gyara. Ta raba aikin gida daidai: yau Clinton ne da wanke-wanke, gobe Debby, jibi Emma. Abokan Clinton suka same shi a tsugune gaban kwanuka, suka yi ta yi masa dariya har a makaranta. Bai ga laifin uwarsa ba, na Debby ya gani.

Ranar Asabar Jethro yakan ɗauki mazan su je aski, daga nan su wuce gidan kallon ƙwallo. Martha ta matsa masa ya tafi da Debby. Suka dawo tun ba a tashi wasa ba, ransa a ɓace. Ita kaɗai ce mace a rumfar, wani ƙato ya faɗi maganar banza a kanta, saura kaɗan a yi dambe.

"Maman Clinton, kada ki sake sa ni wannan," in ji shi. "Ba wurin mata ba ne."

Mazan suka rasa ƙarshen wasan saboda ita, ba su kuma ɓoye haushinsu ba.

Sai Martha ta ce to, ita za ta riƙa fita da Debby ranar Asabar, su je kasuwa, su sha yogot. Mako na biyu Emma ya kwanta a ƙasa yana kuka, wai Mama Debby kaɗai take so. Ta tafi da shi mako na uku. Debby ta yi ta tafiya a bayansu har suka dawo. Duk abin da Martha ta taɓa don ta gyara, sai ya ɓata wani wuri.

A hutun ƙarshen shekarar karatu, mazan suka fara sulalewa da rana suna zuwa bakin kogi tare da yaran unguwa. Damina ce, ruwa ya cika. Debby ta gane, ta roƙi Clinton ya tafi da ita.

"Yaya, ko sau ɗaya. Ba zan shiga ruwa ba, zan riƙe muku kaya."

"Je ki ɗakinki," ya ce.

Kwana uku tana roƙo. A rana ta huɗu, da Martha ta dawo daga aiki ta tambayi ina 'yan'uwanta, Debby ta faɗa mata gaskiya. Martha ta taɓa ganin gawar yaron da aka tsamo daga kogin nan a asibiti. Ko takalmin aiki ba ta cire ba ta tari keke. Da isarta bakin kogin ta hango Emma cikin ruwa har ƙirji. Da yamma Jethro ya zane su da bel, duka irin wanda bai taɓa yi musu ba, Debby tana tsaye a falo tana ihu a bari.

Daga ranar mazan suka daina yi mata magana. Ba zagi, ba faɗa. In ta shigo falo sai su yi shiru, in ta zauna sai su tashi. Martha ta yi lallashi, ta yi tsawa, ta tara su ta yi addu'a, ta sa Clinton ya ce "yi haƙuri". Ya faɗa yana kallon bango. Ta gaya musu 'yar'uwarsu ce ta ceci ran Emma. Clinton ya ce, "Ba don ta cece shi ta faɗa ba, Mama. Don mun hana ta zuwa ne." Martha ta juya ta dubi Debby, yarinyar ta sunkuyar da kai.

Jethro ya ce yara ne, za su manta. Aka yi Kirsimeti, aka yi Ista, ba su manta ba.

Debby da kanta ta nemi a kai ta makarantar kwana ta 'yan mata, can kusa da Kafanchan inda ƙanwar Jethro, Charity, take aure. Martha ta ƙi. Debby ba ta yi gardama ba, sai dai ta rage cin abinci, ta rame, sakamakon jarrabawarta ya faɗi. A ƙarshe Martha ta sa hannu a takarda. Ranar tafiya Emma ya fito ya taya ɗaukar bokiti zuwa mota, amma da ya ga Clinton na kallonsa sai ya ajiye ya koma ciki.

Hutun farko Debby ta ce za ta zauna wurin Anti Charity saboda darasin hutu. Na biyu ma haka.

Ranar ziyara ta zangon ƙarshe Martha ta dafa shinkafa da kaza, ta roƙi mazan su bi ta. Clinton ya ce yana da karatu, Emma ya ce cikinsa na ciwo. Ta hau mota ita kaɗai.

Ta tarar da Debby ta yi ƙiba, ta ƙara tsawo, tana dariya cikin ƙawayenta. Suka zauna a ƙarƙashin mangwaro tare da wata ƙawarta Vivian. Martha ta buɗe kula, ta ce, "Yayanki da ƙaninki suna gaishe ki." Ƙarya ce, amma ta faɗa.

Vivian ta tsaya da cokali a hannu. "Mama, Debby tana da 'yan'uwa? Ai ta ce mana ita kaɗai ce a wurinku."

Martha ta dubi 'yarta. Debby ba ta musa ba, ba ta kuma ji kunya ba. Ta ci gaba da cin shinkafarta, sannan ta ce, "Mama, kin kawo min garin da na ce?"

"Na kawo."

Ta ciro ledar garin ta miƙa mata. Ba a jima ba aka kaɗa ƙararrawar tashi. Debby ta rungume ta da hannu ɗaya, ta ɗauki kayan, ta bi ƙawarta.

A mota Martha ta jingina kai da taga tana hawaye, matar da ke kusa da ita ta tambaye ta ko rasuwa aka yi. Ta girgiza kai. Da ta iso gida Jethro na wanke mota a waje, ya ɗago ya tambaye ta yaya yarinyar.

"Lafiyarta lau," ta ce. "Ta yi ƙiba."