Ranar da Malama Ta Yi Mintsini

Da safen ranar na sa takalmi wari da wari. Ban ankara ba sai da na shiga motar Dogo, abokin aikina, ya leƙa ƙafata ya ce, "Mai Shuni, ɗaya baƙi, ɗaya ruwan ƙasa. Sabon yayi ne?"

Na ce ya ja mota kawai, yau ba mai kallon ƙafar kowa. Shi kansa ya ɓalla maɓallan rigarsa a karkace, amma ban gaya masa ba.

Mai Shuni suke kirana a wurin aiki, don duk farar rigar da aka ba ni, kafin sati ya zagayo hannunta ya rine ya koma shuɗi. Umma kuwa in maƙwabta suka tambaye ta aikin da 'yarta take yi bayan wannan dogon karatu, sai ta ce, "Fenti take yi, amma na asibiti." Da ina jin haushi. Daga baya na ga ba ta yi ƙarya ba.

Wata irin roba mai launin shuɗi nake haɗawa. Robar da kowa ya sani ita ake naɗe waya da ita don kada wuta ta ja mutum. Tamu akasin haka take, wuta na bi ta cikinta. Muna shafa ta a bakin wasu 'yan wayoyi sirara kamar gashin kai, waɗanda likita zai dasa a jikin jijiya. Ƙarfe abu ne mai tauri, jijiya kuma taushi gare ta, don haka ba sa shiri. In aka dasa ƙarfe tsirara, jiki sai ya yi ta gina tabo a kewayensa har saƙon ya daina wucewa. Robar tamu laushi gare ta kamar soso, tana shiga tsakani, 'yar wuta kaɗan ta ishe ta ta isar da saƙo.

Matsalarta ɗaya, salewa. Shekara shida ina shafawa, in tsoma wayar a ruwan gishiri mai ɗumi irin na jikin mutum, in dawo bayan wata biyu in tarar da shuɗin yana yawo a ƙasan kwalba. Na yi kuka a kan kwalba fiye da yadda na yi a kan kowane ɗan Adam. Sai da muka koyi karce fuskar ƙarfen tukuna, mu sa wani siririn gam a ƙasa, sannan ta kama ta zauna. Daga nan aka yi shekaru ana gwaji da cike takardu, har aka yarda a dasa wa mutum.

Ban taɓa ganin matar da aka dasa wa ba. A takarda lamba ce kawai. Ita ce ta ce wa likitan da ya yi mata dashen tana so ta ga wadda ta haɗa abin da ke cikin hannunta, ranar da za a kunna.

Ɗakin da aka kai mu a asibitin ƙarami ne, a hawa na uku, da tebur fari da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Tana zaune a keken guragu, hannunta na dama a kan wani matashi kore, da ɗinki biyu da suka warke a ƙasan gwiwar hannun. Malamar lissafi ce a makarantar sakandare. Shekara huɗu da suka wuce motar da ta ɗauko ta ta kife, ta ji rauni a wuya. Kafaɗa da gwiwar hannu suna motsi, amma yatsunta duka goma sun daina jin magana.

Na gaishe ta. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Au, ke ce? Wallahi na ɗauka wata tsohuwa ce mai tabarau. Matso nan, ƙanwata, in gan ki da kyau."

Kafin in ba ta amsa wani mutum mai faɗin ƙirji ya miƙe daga kujerar gefenta. Mijinta ne. Ya gaishe ni, ya gaida Dogo, ya sake gaida Likita wanda da alama tun safe suke tare, sannan ya shiga ba mu labari. Ya ce mana tun ƙarfe biyar suka tashi. Ya faɗa mana hanyar da suka biyo da dalilin da ya sa ba su bi ɗayar ba. Ya ce shi ma a makaranta ya so ya karanta kimiyya, sai wani malami mai sanƙo ya sa masa ido.

"Baban yara," in ji Malama.

"Na'am, yanzu zan gama. Wannan malamin kuwa..."

Likita ya yi gyaran murya. Dogo ya buɗe kwamfutarsa, ya manna wani ɗan faifai a fatar hannun Malama, daidai inda aka binne na'urar da ke tura wuta cikin wayoyin. Layuka takwas suka fito a allo, ɗaya ga kowace waya. Ni dai lambobin gefe nake kallo, don su ne za su faɗa mini ko fentina na nan ko ya sale a cikin naman baiwar Allah. Sati shida ke nan da dasawa. Na karanta na farko, na biyu, har na takwas. Na sake karantawa daga ƙasa zuwa sama.

"Dogo," na ce a hankali, "duk suna nan."

"Na gani. Ki daina taka mini ƙafa."

Ya fara da 'yar wuta kaɗan. Shiru. Ya ƙara. Malama ta ce tana jin wani abu kamar tururuwa na tafiya a cikin damtsenta. Ya ƙara ɗis. Sai babban yatsanta ya yi wani ɗan zillo, kamar wanda aka taɓa yana barci.

Ba wanda ya yi magana, har baban yara.

"Ni na yi ko kai ka yi?" Malama ta tambayi Dogo.

"Ni ne, Malama. Naki na zuwa."

Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Manuniya ta lanƙwasa. Na tsakiya ya biyo ta. Na zobe da ɗan ƙaramin suka ƙi, ko gezau. Likita ya rubuta wani abu a takardarsa ya ce ba komai, uku sun isa riƙo. Daga nan ya ɗaura mata wani ɗan maɓalli a kafaɗar hagu, ya yi mata bayani: in ta tura kafaɗar gaba, hannun zai damƙe, in ta ja ta baya, zai buɗe. Dogo ya ɗaga hannuwansa biyu sama daga kan kwamfutar don kowa ya shaida.

Ta tura kafaɗa. Yatsun uku suka taho a hankali, suka haɗu.

Ta ja baya. Suka buɗe.

Ta sake. Ta sake. A karo na biyar ta fashe da dariya, irin dariyar da ke fitowa ta hanci, ta ce, "Kai! Kun gan shi? Kun ga ɗan banza?" Ni ban san lokacin da na kama hannun wata nas da ban taɓa gani ba ina girgizawa. Nas ɗin ma girgiza nawa take yi.

Likita ya ajiye mata ɗan katako mai kusurwa huɗu a kan tebur. Sau biyu yana suɓucewa, a na uku ta ɗaga shi sama, ta riƙe, tana kallonsa kamar an ba ta jariri. Baban yara ya share ido da bayan hannu, bakinsa kuma ya dawo.

"Likita, ai ni na san za a yi haka. Na faɗa mata tun a mota. Wannan matar da kuke gani, ranar da na fara zuwa gidansu, ta fito da wani zani, ta taka bakinsa, ta tafi da baki a gaban..."

"Baban yara, matso kusa."

Ya matso yana ci gaba da magana, ya ɗora hannunsa a kan teburin. Muna kallo ta saki katakon, ta ja gwiwar hannunta a kan matashin, ta saita yatsu biyu a kan naman damtsensa. Ta tura kafaɗa gaba iya ƙarfinta.

"Wayyo!" Ya yi tsalle har kujerar ta faɗi. "Likita, ta mintsine ni!"

"Shekara huɗu," in ji Malama, tana haki don dariya. "Shekara huɗu mutumin nan yana zuba a gaban baƙi, ba mai tsayar da shi. Da can ta ƙarƙashin tebur nake yi masa, ya gane ya yi shiru. Tun da na kwanta ya samu sake. Yau hutunka ya ƙare."

Ya tsaya yana kallon wurin, inda fatar ta yi ɗan ja. Sai ya ɗaga kujerar ya zauna, ya sake miƙa mata hannun. "Ƙara," ya ce. "Don Allah ƙara ɗaya."

Ta ƙara masa. Ya ce wayyo, yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Likita, wanda Dogo ya ce bai taɓa ganin haƙorinsa ba, ya juya ya fuskanci taga, kafaɗunsa na rawa. Da ya juyo sai ya tambayi Dogo, da gaske, ko akwai gurbin da za a rubuta wannan a takardar gwaji. Dogo ya ce akwai inda aka ce ƙarfin riƙo. Likita ya ce to a rubuta ya wadatar.

Malama ta ce in kawo nawa hannun. Na ce, "Ni me na yi, Malama?" Ta ce in kawo dai. Ba ta mintsine ni ba. Ta kama ɗan yatsana ta riƙe, riƙo mai ɗumi, ba ƙarfi sosai. Na tsaya ina tunanin abin da ke faruwa a ƙarƙashin wannan fatar, shuɗin da na dama da hannuna wata ranar Talata, yana can manne yana aikinsa. Na buɗe baki in faɗi wani abu mai ma'ana, abin da ya fito shi ne, "Bai sale ba." Ta ce, "Me?" Na ce ba komai, na fashe da kuka, ita kuma ta fashe da dariya.

A hanyar komawa Dogo ya zagaye shataletale sau uku, ya kasa tuna inda ake fita. Ni kuma ina waya da duk wanda lambarsa ta faɗo mini, har da mai gyaran firjin ɗakin gwajinmu, wanda ya saurare ni tsaf sannan ya ce madalla, amma firjin lafiya dai ko? Da muka isa, na tara mutanen ɗakin gwaji na kwaikwayi tsallen baban yara, na ture kwandon shara.

Yatsu biyun nan ba su taɓa tashi ba, har yau. Amma bayan wata takwas Malama na cin abinci da cokali da kanta, tana goge haƙora, tana juya shafin littafi. Duk wata Likita na turo mini lambobin nan takwas, kuma ba wadda ta gusa sosai.

A zuwanta na ƙarshe ta sa aka kira ni a waya. Ta ce, "Ƙanwata, ina da ƙorafi. Ina riƙe kofin shayi, amma ba na jin zafinsa. Sai na kai baki nake sanin ya huce. Ba za ku iya sa saƙon ya riƙa dawowa ba?"

Na ce mata wannan aiki ne babba, wayoyin sai sun fi waɗannan sirantaka sau uku, kuma ban san ko robar za ta zauna a kansu ba.

"To me kike yi a waya?" ta ce. "Je ki fara."

Na ajiye wayar, na ɗauko sababbin kwalabe goma sha biyu daga kabad, na shiga wanke su ina 'yar waƙa.